Beben Jirgin Baba Ilu

Mazurari shi ne aikin farko da aka ɗora mini a rumfar Baba Ilu, a kasuwar Gumel. Ku 'yan yanzu da kuke leƙowa shagona kuna cewa, "Baba Hashimu, ai wannan yanka ne da liƙi kawai," ku zo ku gwada. A yanka gwangwani kamar rabin faifai, a naɗe shi, a haɗa baki da baki, a shafa sinadari, sannan a ciro ƙarfen dalma daga garwashi a ja shi daga sama zuwa ƙasa. Ja ɗaya ake yi. In hannu ya yi rawa, dalma ta taru kamar kashin ƙadangare. In ya yi gaggawa, ta bar kafa. Na kai masa nawa ina washe baki. Ko duba shi bai yi ba. Ya toshe tsinin da yatsa, ya zuba kananzir, ya riƙe a saman tafin hannuna. Sai ga ɗigo ya sauko.

"Mene ne wannan?" in ji shi.

"Ɗigo ɗaya ne, Baba."

"Ɗigo yau, ɗigo gobe, jibi matar da ta saya ta kwana cikin duhu tana tsine mana. Narke shi ka sake."

Ba yaro ba ne ni a lokacin. Ina da aure, gonarmu ta Ɗanzomo ce ta daina ciyar da mu, na ɗauko matata Hajara muka dawo gari. Baba Ilu kuwa dattijo ne, Bamange, gajere, mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon wuta. Karatunsa guda ɗaya ne, kullum shi yake maimaitawa: maƙerin gwangwani maƙiyin kafa ne. Buta, bokiti, fitilar aci-balbal, gwangwanin awon mai, duk abin da ya fita daga rumfarmu, mutuncinsa a gaɓarsa yake. Har daga Sule Tankarkar mata suke aiko da buta a liƙe musu, domin an san liƙin Baba Ilu ba a taɓa warware shi. Shi da kansa bai taɓa sa zarto a kan liƙin da ya gama ba. Ya ce wannan kamar mutum ya ƙaryata kansa ne a gaban alƙali.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba: almakashi babba da ƙarami, guduma ta ƙarfe da ta katako, awartaki, magagari, zarto, zugazugi na fatar akuya, da guntun ƙarfe mai nauyi da muke bugu a kansa. Gwangwanin kuma sai mun nemo. Garwar kananzir ita ce sarauniya, sai gwangwanin madara, da na tumatir, da na kifi.

Sai ruwa ya ɗauke. Waɗanda suka ga shekarun farin nan na farkon saba'in ba sa son a tuna musu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, shanu suna faɗuwa a bakin hanya. Wa zai sayi fitila alhali ba shi da abin da zai duba a cikin kwano? Mukan wuni a rumfa ba mu hura wuta ba.

A cikin wannan hali ne muka tafi Gagarawa Tasha neman garwa da langalanga, wato siraran ƙarafan nan da ake ɗaure dilar kaya da su. Ni ban taɓa ganin jirgin ƙasa kusa ba. Muna zaune a gindin bishiya sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashinmu. Can daga nesa sai ga hayaƙi ya miƙe, sai kuka, sai ga shi ya fito daga cikin ƙurar daji, baƙi wuluk, yana huci, yana jan taragu cike da buhunan hatsi. Masu rubuta littattafan nan da nake karantawa in ciniki ya lafa sukan ce masoyi ya ga masoyiyarsa numfashinsa ya ɗauke. To, ni a kan dattijo na fara ganin haka. Baba Ilu ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi bai sani ba.

Da jirgin ya wuce, sai ya durƙusa a kan layin dogon yana shafa shi. Ya bi shi da rarrafe har ya iso inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Sai ya ja tsaki.

"Hashimu, zo ka ga aikin ganganci. Abu mai girma haka, an bar masa kafa! An ɗaure shi da ƙusoshi kamar ɗorin karaya. Da sun kawo wa mai sana'a, ai da an liƙe musu."

"Kai Bamange, tashi daga nan kada ya dawo ya mayar da kai kilishi!"

Wata Bafulatana ce, doguwa, da ƙwaryar nono a kanta. Daso sunanta. Rugarsu tana bayan Tasha, ta tsufa tana sayar da nono ta tagogin jirgi. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Mangawa, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a fushi.

"Fillo," in ji Baba Ilu, "ke da ba ki san komai ba sai wutsiyar saniya, me ya kai ki maganar ƙarfe?"

"Bawa dai ba ya tsawa ga uwargijiyarsa. Ungo, sha, na ga leɓenka ya bushe."

Ta ba mu nono a ludayi, rabinsa ruwa. Ta ce shanunsu saura kaɗan.

A hanyar komawa Baba Ilu ya ce sai mun ƙera namu ɗan jirgin na gwangwani, da dogonsa marar kafa. Kan jirgin shi muka fara yi, tun a makon da muka koma. Jikinsa garwa ce da muka naɗe, tsawonsa kamar daga yatsa zuwa kafaɗa. Tayoyin muka zuba su da farin ƙarfe a cikin yashi, kamar yadda ake zubin tukunya, muka goge da magagari har suka yi santsi. Wahalar ita ce abin da zai tafi da shi. Baba Ilu ya samo mataccen garmaho a wajen wani tsohon soja, ya ciro injinsa mai sifirin, ya yi ta rage shi yana sauya haƙoransa har ya zauna a cikin garwar. In an wana shi, sai tayoyi su juya a hankali, da natsuwa, ba irin gudun motar wasan yara ba. A bututun hayaƙi muka yi ɗan kasko na garwashi da jiƙaƙƙen tsumma. Taragun kuwa gwangwanin kifi ne da na madara, kowanne da ƙofarsa mai buɗewa.

Dogon ni aka bar wa. Langalanga ake miƙarwa da gudumar katako, a tsayar da ita a kan gefenta, a kafe a jikin ƙananan itatuwa, su kuma a kan falanki. Faɗin tsakanin ƙarfe biyu dole ya zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe, don haka na yanka guntun kara na mayar da shi ma'auni, ina rataye shi a wuya kamar laya. Kwana ita ce mai cin rai. Lanƙwasa kaɗan ta yi yawa, tarago ya kife. Gunduwa-gunduwa muka yi shi, domin rumfar ba za ta ɗauke shi a haɗe ba.

Daga nan abin ya fi ƙarfinmu, ya zama shi ke jan mu. Muka gina Tasha da ofishinta da tankin ruwa da sigina mai ɗaga hannu. Muka yi gada. Hajara ta ɗinka buhuna kamar kan yatsa, ta cika su da yashi, muka tara dalar gyaɗa. Muka yi rumbuna da yumɓu, da rijiya mai guga. Mutum ko dabba dai Baba Ilu ya ce ba za a yi ba, ba zai ƙera siffar mai rai a tambaye shi ruhinta gobe kiyama ba. "Mutanen garin su ne masu kallo," in ji shi. Abu na ƙarshe, ya roƙi Hajara tafi guda na gero.

"Baba, a wannan shekarar?" ta ce. "Geron da za a dama?"

"'Yata, aro ne. Ido ma yana jin yunwa."

Ta ba shi tana gunaguni. Muka shuka shi a faranta masu ƙasa, muna ba shi ruwan alwalarmu.

Kasuwa kuwa ta cika da magana. Aka ce Baba Ilu ya taɓu. Maƙeran baƙi, masu fartanya da gatari, suna neman wuri domin ana sa ran damina, suka kai ƙara wajen Sarkin Maƙera cewa ga rumfa a tsakiyar kasuwa an mayar da ita ɗakin wasa. Sarkin Maƙera ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon taragu jere a ƙasa.

"Ilu, rumfa ta sana'a ce. Kakanka a nan ya zauna. Wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, wannan ma sana'a ce. Ita ce ma ƙarshen abin da na iya."

"Yana tafiya?"

"Zai yi."

"To, kai shi Maigatari ranar Alhamis, inda ba 'yan'uwanka ba ne za su rufa maka asiri. In ya tashi ya zaga ya dawo inda ya tashi ba hannun kowa, rumfa taka ce har ka mutu. In ya kasa, ka kwashe."

"Na yarda. In ya kasa, har gudumar zan bar musu."

Tsakiyar bazara ce. Muka loda gunduwoyin a motar kaya ranar Laraba, muka sauka a wani fili a gefen kasuwar. Da aka idar da sallar asuba, iska da ɗan sanyi-sanyinta, muka hura wuta muka fara haɗawa. Ranar ce karon farko da dogon ya zama abu guda. Ya zagaye fili kamar girman tsakar gida mai yalwa. Kowace gaɓa Baba Ilu da kansa ya liƙe ta, ja ɗaya, ya goge da tsumma. In ka bi da yatsa ba za ka san inda ƙarfe ya ƙare wani ya fara ba. Ban taɓa ganin liƙi mai kyan na wannan safiyar ba, har yau.

Muka gwada shi da hantsi. Ya tafi sumul, kamar an zuba mai a faranti, ba ka jin komai sai ɗan zirin ƙarar injin. Baba Ilu ya shafa gemu.

Kafin a jima an kewaye mu. Maigatari bakin iyaka ce, rabin 'yan kasuwar daga Damagaram suke, ƙasar da ba a taɓa shimfiɗa dogo ba. Buzaye suka durƙusar da raƙumansu suka matso. Wani mutumin Magarya ya zaga, ya sake zagawa, ya ce, "Wannan shi ne jirgin ƙasan da ake faɗi? To ta ina mutane ke shiga? Ai ko kamyo, motar kayanmu, ya fi shi!" Aka bushe da dariya. Amma mafi yawa ba jirgin suka fara kallo ba. Geron nan ya fito kore shar a gefen dogo, gona-gona, ga rumbu ga rijiya. Mutanen da suka shekara biyu ba su ga kore ba suka zuba masa ido. Na ga wani tsoho ya miƙa hannu zai taɓa, ya fasa, ya mayar da hannun a ƙirjinsa.

"A'a! Bawana ne ya zama direba?"

Daso ce. Ta rame, ba ƙwaryar nono a kanta, sai ɗaurin tabarmin kaba. Shanun sun ƙare, sun baro Tasha, suna zaune wajen dangi a ƙasar Sule Tankarkar. Baba Ilu ya wana jirgin domin ta gani. Ta bi shi da ido har ya dawo, ta taɓe baki.

"Kyau kam akwai. Amma bebe ne."

"Bebe kamar yaya?"

"Jirgin Tasha yana magana. Tun bai fito ba nake jin bakinsa in ɗauki ƙwarya. Naka yana tafiya kamar ɓarawon kaji."

"Wancan ƙarar rashin iya aiki ce, Fillo. Koma gefe."

Sarkin Maƙera da jama'arsa sai bayan azahar suka iso, maƙeran baƙi na biye da shi. Rana ta take, ƙasa kamar kasko. Mun lulluɓe kan jirgin da zane, dogon kuwa yana fili tun safe. Da na sunkuya in share yashi sai na ga ɓarna. Layin da na miƙar da hannuna ya karkace. Nan ya turo ciki, can ya bankare, wani wurin ya ɗaga sama ya tumɓuke ƙusa, kamar macijin da aka taka wa wutsiya. Na sa ma'aunin karana, ya ƙi shiga.

"Baba," na ce a hankali, "dogo ya tashi."

Ya duba. Ya ɗauki gudumar katako ya buga wuri guda ya kwanta, sai na gaba ya tashi. Ya yayyafa ruwan butarmu, ƙarfen ya yi cuu, ya ɗan miƙe, kafin mu juya ya koma. Ruwa kuma a Maigatari a wannan shekarar ba abin zubarwa ba ne.

"Ilu, muna jira," in ji Sarkin Maƙera.

Ba yadda za a yi, aka wana shi aka sake. Ya fita daga Tasha da hayaƙinsa, ya wuce dalar gyaɗa, mutane suka ɗauki salati. Yana isa kwanar farko sai ya yi tsalle ya kife a cikin gonar gero, taragu suka bi shi. Wani daga maƙeran baƙi ya ce, "Allah ya jiƙan fasinja!" Dariya ta tashi, amma ba ta yi nisa ba, domin mutane sun so ya tafi.

Sarkin Maƙera mutum ne mai adalci. Ya ce, "Yau dai Alhamis ce har rana ta faɗi. Zan je in dawo da la'asar."

Baba Ilu ya zauna a ƙasa dirshan, yana kallon liƙinsa. Ko gaɓa ɗaya ba ta saki ba. Wannan ne ya ɗaure masa kai: aikin bai ɓaci ta inda ya san aiki yana ɓaci ba. Daso ta sauke tabarminta ta tsuguna kusa da shi.

"Bamange, ramin nan na mahaɗar dogo da ka kushe a Tasha, ka tuna?"

"Rabu da ni, Daso."

"Ni kullum sai na tsallaka shi. Da sassafe in na zo, yatsana yana shiga. Da rana in zan koma, ko tsinke ba ya shiga. Da shi muke gane rana ta yi, mu tashi kafin nono ya tsinke. Ni ban san ƙarfe ba, wutsiyar saniya na sani. Amma ko saniya in ka ɗaure ta ba wurin miƙe ƙafa, sai ta tumɓuke turke."

Ya kalli dogon, ya kalli rana, ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙarfen ya janye da sauri.

"Hashimu, miƙo zarto."

"Baba, in yanka?"

"Wa ya liƙa?"

Na miƙa masa. Ya durƙusa a kan gaɓar farko, wadda ya fi kyautatawa, a gaban jama'ar ƙasa biyu, ya ɗora zarto. Ya fara yanka liƙinsa da hannunsa. Yana kaiwa ƙarshen yankan sai muka ji tas! Ƙarfen ya saki, ya kwanta a wurinsa kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya matsa gaba. Ni ina biye da magagari ina rage bakin, ina mayar da ƙusa, ina gwada kara. Daso tana biye da mu tana ba da umarni.

"Wannan ya yi kaɗan. Ƙara masa, bawana, kada ka yi rowa."

Haka muka zagaye filin da rarrafe, gumi yana ɗiga a kan langalanga yana bushewa nan take.

Da la'asar Sarkin Maƙera ya dawo, kasuwa kusan duka ta biyo shi. Har masu awon hatsi sun bar buhunansu. Na sa sabon garwashi a bututu. Baba Ilu ya wana, ya yi bisimilla, ya ɗauke hannunsa ya ɓoye shi a baya.

Jirgin ya motsa. Tayar farko ta hau gaɓar farko: kaf. Ta biyu: kaf. Taragu suka biyo, kaf-kaf, kaf-kaf, kaf-kaf, ƙarami, a fili, daidai da na Tasha in ka ji shi daga nesa da yamma. Ban san yadda zan gaya muku shirun da ya sauka a kasuwar nan ba. Kasuwar da ba ka jin maganar na kusa da kai, sai ga shi ana jin bakin jirgin gwangwani daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sha kwana, ya hau gada, hayaƙinsa ya kwanta a kan koren gero, hasken yamma yana wasa a jikin taragu. Mutumin Magarya ya cire takalminsa, ban san dalili ba. Wani Buzu ya sauke amawalin rawaninsa domin ya gani da kyau.

Yana kusanto Tasha, sigina a ɗage, sai muka ji murya ta tsaga shirun, siririya, mai ja, irin wadda ake yi wa tagar jirgi:

"Nonooo! Ga kindirmo, a sha da sanyi!"

Daso ce a tsaye, hannunta biyu a sama kamar mai miƙa ƙwarya. Babu komai a hannun. Ta farga, ta sauke su a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba wanda ya yi dariya. Jirgin ya shiga Tasha, sifirin ya ƙare, ya tsaya ɗan gaba kaɗan da inda ya tashi.

Sarkin Maƙera ya gyara murya. "Ilu, zauna a rumfarka." Sannan ya sassauta ya ce, "A sake wana shi mana."

Mun yi shekaru muna yawo da shi kasuwa-kasuwa, Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar, har roba ta zo ta kashe cinikin buta, shi ne ya riƙe mu. Duk Alhamis da muka je Maigatari, akwai tabarma a gaba, kusa da Tasha, ba mai zama a kai sai Daso. Baba Ilu har ya koma ga Allah bai taɓa yarda ta fi shi gaskiya ba. Cewa yake yi ya yanka ne don ya huta da bakinta. Amma ni nake haɗa dogon tare da shi kowace safiya, kuma na ga abin da yake yi. A kowace gaɓa sai ya zaro tsinke daga hularsa, ya zura, ya tabbata ya shiga, sannan ya matsa gaba.